Allonku Ya Ce Gwiwa, Matata Tana Tsallake

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in Ofishin Awon Ruwan Koguna da Tafkuna, uban sanduna masu lamba, masanin zurfin ruwan da bai taɓa shiga ba. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa ofishinka fanka da kujeru.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da tambayar lafiyar iyali, da ta ma'aikata, da ta sababbin motocin da muka ji an raba muku, ina roƙon Yallaɓai ya ba ni aron kunnensa. Sunana Isyaku Mai'igiya. Ni ne gajeren mutumin nan da ke sayar da igiyar shanu a bakin kara ranar kasuwar Wudil. In ka taɓa wucewa ka ga tulin igiya yana tafiya shi kaɗai, to ni ne a ƙarƙashi. Na yi ajin yaƙi da jahilci, ina karanta boko daidai gwargwado, kuma karatun nan ne ya kai ni ya baro.

Maganar a taƙaice ita ce, matata Safara'u tana tsallaken kogi, a gidan yayanta Haladu da ke Gidan Kanya, ni kuwa ina wannan gaɓar. Abin da ke tsakaninmu ruwa ne, ruwan da aka ce ku gwamnati ta ɗora wa alhakin saninsa. Yaji ta yi, ranka ya daɗe. Matar da muke tare tun kafin a ba mu mulkin kai, wadda ba ta yi yaji ba a shekarun farin nan da muka ci tafasa ba gishiri, yau ga ta ta yi saboda allonku na awon ruwa. Ina so in je biko kafin damina ta sauka ta rufe hanya, kuma ba zan iya zuwa ba sai na san iyakar ruwan. Don haka na jero ƙorafe-ƙorafena cikin ladabi, kamar yadda aka koya mana a aji.

Na ɗaya, maganar Kunkuru. A mashigin Kanya, inda mutanenmu ke ƙetarawa da ƙafa zuwa gonaki da ƙauyukan tsallake, akwai wani dutse da muka tashi muka tarar, ana ce masa Kunkuru. In ƙafafunsa suna waje, ko tsohuwa mai dogara sanda ta wuce. In ruwa ya kai wuyansa, maza su naɗe wando, mata su dakata. In ya nutse gaba ɗaya, kowa ya koma gida ya yi addu'a daga nesa. Ba ya zuwa hutu, bai taɓa neman ƙarin albashi ba, kuma ba mu taɓa jin an yi masa canjin wurin aiki ba. Sai ga ɗan kwangilarku da nakiya, ya ce dutsen yana tare wa ci gaba hanya. Ya fasa shi, ya mai da shi tsakuwa, ya zuba a gindin sandarku ta awo. Ashe dai Kunkuru yana nan, ɗaukarsa aikin gwamnati aka yi, shi ya sa ya daina magana da talakawa.

Kuma an yi haka ne daidai lokacin da muka fi bukatarsa. Tun da aka datse kogin can sama, ruwan nan ya daina bin damina da rani, ya koma bin makulli. A da in rani ya tsaya, kaza ma tana ƙetarawa ba ta jiƙa gashinta ba. Yanzu sai ka bar kogi yana barci, ka dawo ka tarar ya cika ya batse, ba hadari ba yayyafi, wai an buɗe masa ƙofa. Masu kwalekwale kuwa duk sun jingine jiragensu sun tafi birni dakon siminti. Wa ya rage mana in ba ku ba?

Na biyu, ita kanta sandar. Wallahi sanda ta yi kyau, ba zan ci hakkinta ba. Fari da baƙi da ja, ga lambobi reras kamar a jikin agogo. Ranar da aka kafa ta an yanka rago, an ɗauki hoto, ni ma ina cikin hoton, hulata ce ta fito a gefen hagu daga ƙasa. Abu ɗaya aka manta, ba a gaya wa kogin ya tsaya a wurin ba. Damina ta farko ya tattara nasa ya nasa ya koma gefe, yadda ya saba tun zamanin kakanni, ya bar muku sandar a tsakiyar wani ɗan kududdufi. Yanzu agwagin Mairo mai ƙosai ne ke wanka a gindinta, Gwadabe mai lambun albasa kuma yana ɗaure jakinsa a jikinta, kuma ni na sayar masa da igiyar. Ina shaida tsakanina da Allah, sandar ba ta taɓa yin ƙarya game da kududdufin nan ba. In ya ragu ta faɗa, in jakin Gwadabe ya ƙara masa wani abu ta faɗa. Amma Yallaɓai, cikin mu wa ke da dangi a tsallaken kududdufi?

Kada a ce na gani na yi shiru. Na gani, sai na ɗauka akwai wani lissafi da ake yi a birni wanda ke haɗa kududdufi da kogi, irin wanda ba a kai ga koya mana ba a ajin yaƙi da jahilci. Da makwabta suka yi ƙorafi ma ni na tare muku faɗa, na ce gwamnatin da ta iya tono mai daga ƙarƙashin teku ba za ta kasa auna ruwan Wudil ba.

Na uku, malamin awonku, Malam Sharhabilu. Yaro ne mai ladabi, yana gaida manya har ƙasa, ba ni da abin faɗa a kan tarbiyyarsa. Sai dai tun da ya sayi babur da takalman nan masu dunduniya kamar turmi, bai ƙara taka yashi ba. Daga kan tudu yake tsayawa, ya ɗaga madubin hangen nesa, ya rubuta, ya hau abinsa. In jaki ya tare lambar, sai ya jira jaki ya gusa, in bai gusa ba ya rubuta ta jiya. Daga nan takarda ta shiga uwa duniya. Ta je Kano a sa mata hannu, ta gangara Ikko can bakin teku a buga mata hatimi, ta huta, ta dawo, sannan a rubuta lambar da alli a allon da kuka kafa a bakin tasha, a ƙarƙashin rubutun da ya ce DOMIN AMFANIN MATAFIYA. Ni ne ma nake karanta wa jama'a shi, kyauta. Takardar nan ta fi ni yawon duniya. Kafin ta dawo, ruwan da take ba da labarinsa ya wuce Haɗeja, an shayar da shanu da shi, an yi wanki, an yi alwala, wani ma ya zama shinkafa an cinye. Shin allon nan na matafiya ne, ko na masu rubuta tarihi?

Na huɗu, kuma a nan zuciyata take tafasa, sai a yi mini afuwa in alƙalamina ya yi kaushi. An yi wa Haladu jika, aka sa ranar suna. Safara'u ta yi kwanaki tana tuyar alkaki da dubulan har ta cika kwalla, ta ɗaura sabuwar atamfarta da ba ta taɓa shiga ruwa ba, muka kama hanya. Da muka iso mashigi ta tsaya ta ƙura wa ruwan ido. Ta ce ita ba ta yarda da shi ba, launinsa ya sauya, ga karmami yana wucewa a guje, gara mu zaga ta gada. Gada kuwa, ranka ya daɗe, tafiya ce mai nisa ga mai kaya a ka, ga manyan motocin siminti da tun da aka koma tuƙin dama har yau ba su tsai da shawarar hannun da za su bi ba. Ni kuma da safen nan na biya ta tasha na karanta allo da idona. Sai na gyara zaman hulata, a gaban masu wanki da masu ɗiban yashi, na ce gwamnati ta ce rabin mita, rabin mita kuwa gwiwa ne. Na ƙara da cewa zamanin duba karmami ya wuce, yanzu ilmi ake bi.

Ta dube ni, irin kallon da take yi mini in na ce miya ta yi gishiri. Ta tuɓe takalmanta ta miƙo mini, ta gyara gammo, ta yi bisimilla ta shiga, ina biye da ita. Ruwa ya kai gwiwa, na ce ka ji aikin gwamnati. Ya wuce cinya, na ce rami ne. Ya kai cibiya, na ce ramin ne bai ƙare ba. Da na ga ya kai mata ƙirji, sai na yi lissafi irin na masu ilmi: Safara'u ta fi ni tsawo da kai guda har da wuya, abin da ya kai ƙirjinta ni ya sha hulata, kuma ban iya iyo ba. Na koma gaɓa domin in riƙa ba ta umarni daga inda za ta fi jin muryata. Masu wanki suna cewa gudu na yi. Ƙarya suke yi, tafiya ce da sauri.

Allah ya kiyaye, ta fita. Ruwa har haɓa, amma kwalla ko girgiza ba ta yi ba, alkaki ko ɗaya bai jiƙe ba, don matar nan wuyanta ya fi sandarku tsayuwa. Sai dai mayafinta ya bi takardunku yawon duniya, atamfa ta koma launin laka, ƙafa ba takalmi. Kuma a haka ta faɗa hannun matan biki da suka gangaro tarbarta, cikinsu har da Hansai zabiya, wadda bakinta bai taɓa ganin abu ya bar shi ya wuce ba. Nan take ta ɗaga murya:

Gwamnati ta ce gwiwa,
Isyaku ya ce gwiwa,
Kogi bai je aji ba.

Mata suka ɗauki amshi da guɗa, ina jiyo su daga wannan gaɓar, takalma a hannuna. Yau waƙar nan ta kai Utai, ta kai Dagumawa, da ita ake daka. Ranar kasuwa Fulani suna zuwa rumfata ba don igiya ba, sai don su ga mutumin. Wani ma tambayata ya yi wai igiyar nan gaba nawa ce, da awon gaskiya ko da awon gwamnati. Yallaɓai, a wane sashe na ofishinku ake mai da wa mutum mutuncinsa?

Na biyar, mita. Mu nan da jiki muke auna ruwa: idon sawu, ƙauri, gwiwa, ƙugu, wuya, sai kuma innalillahi. Na tambayi Malam Sharhabilu ina ne mita guda a jikin ɗan Adam, ya nuna mini ƙugunsa. To shi dogo ne kamar giginya, ga takalma sun ƙara masa. Da na matsa kusa na gwada, ƙugunsa a ƙirjina yake. In za ku ci gaba da rubutu a allo, don girman Allah a riƙa faɗar ko jikin wa ake nufi. A ja layi biyu, ɗaya na dogaye, ɗaya namu.

Na shida, biko. Na fara aika ƙanena Bilya da goro, aka karɓi goron aka dawo mini da Bilya. Sai na shirya da kaina, na sayi turmin atamfa da mayafi da sabulu mai ƙanshi, na hau a-kori-kura, muka zaga ta gada ina ta salati har muka sauka. Haladu ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka dama mini fura, yana ta danne dariya har gemunsa yana rawa. Ita kuwa ko fitowa ba ta yi ba. Daga bayan zana ta yi magana, kuma ba da ni ta yi ba, da yayanta ta yi. Ta ce, "Yaya, gaya masa ba ta gada na zo ba. Ta inda ya turo ni, ta nan zai zo, da ƙafarsa, da takalmana a kansa. In ya ga da wuya, allo ya dafa masa tuwo." Haladu ya ce mini, "To Malam Isyaku, ka dai ji da kunnenka. Ka san halinta, tun tana yarinya in ta kafe ko Baba sai dai ya lallaɓa." An karɓi atamfar, ranka ya daɗe. Ni ne ba a karɓa ba.

Ka ga ke nan maganar awon ruwa a wurina ba ta yawon shan iska ba ce. An gaya mini can a birni akwai masu duba irin wannan allo don su san ranar da za su fita miƙe ƙafa a bakin tafki, su kalli tsuntsaye. Allah ya ba su lafiyar kallo. Ni aurena ne a tsallake. Ga hadari ya fara haɗowa daga gabas da yamma-yamma, kuma in damina ta sauka mashigi ya rufe ke nan sai kaka. Na kuma samu labari Haladu ya gyara mata ɗaki, har ta fara daddawa a can, matan ƙauyen suna layi. Macen da ta samu masu sayen daddawa a wani gari, Yallaɓai, dawo da ita sai an yi da gaske.

Na bakwai, wannan ban sani ba ko yana ƙarƙashin ofishinku, amma tunda ku kuka jawo sai ku ji. Na gwada tuƙa tuwo. Abin da ya fito, na ba akuyar Safara'u ta sunsuna ta dube ni, ta juya baya. Ban san inda ake ajiye kanwa ba, ban san wace tukunya ce ta miya ba, na yi kwanaki ina shan shayi da gishiri kafin in gane gwangwanin sukari ne ta sauya wa wuri. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shiru. Shekara da shekaru ina cewa matar nan ta cika magana, in na dawo daga kasuwa ba ta bari in ajiye igiya sai ta ba ni labarin unguwa kaf. Yanzu ina shiga gida in yi sallama, ba mai amsawa sai akuya. Ina kewarta, Yallaɓai. Na faɗa, a buga a jarida, Hansai ta ƙara a waƙarta in ta ga dama.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai yawa ba ne. Ban ce a dawo da Kunkuru ba, na san ya yi nisa a aikin gwamnati. Ban ce a matsar da sanda ba, kada jakin Gwadabe ya rasa wurin kwana. Abu biyu kawai nake nema. Na farko, a taimaka a gaya wa masu riƙe da makullin ruwa can sama su ɗan sa hannu a aljihu, kada su buɗe ƙofa ranar Lahadi mai zuwa da hantsi, domin ranar zan shiga. Na biyu, tunda allonku yau ma cewa ya yi rabin mita, kuma da sa hannunka a takardar, ina gayyatar Mai Girma da kansa ya zo ya shige gaba ina biye. An ce kai dogo ne, masha Allah. Ba sai ka tuɓe kwat ba, ai iyakarsa gwiwa.

In ayyuka sun yi maka yawa, ba komai, na samu wani awon. Kullum bayan la'asar ina zuwa mashigi in zauna a kan yashi, kamar mai duba igiyar da ya shanya. Kullum kuma sai ga wata doguwar mace ta gangaro daga Gidan Kanya da kwano guda ɗaya tak a hannu, wai wanki ta zo. Wa ke baro rijiya a tsakar gida ya zo kogi wanke kwano ɗaya? Ba ta duban inda nake, ko sau ɗaya. Amma ba a bakin ruwa take tsayawa ba. Sai ta kutsa, ta yi ta tafiya har tsakiya, daidai wurin da ya kai mata haɓa ranar suna, ta tsaya cak ta daɗe, yadda ko mai ciwon ido zai ga inda ruwan ya kai mata, sannan ta ɗauraye kwanon ta juya. Da farko a ƙirji yake. Ya dawo ƙugu. Jiya da ta tsaya, ta ɗan ɗage zane kaɗan, na ga ruwan a ƙasan cinya yake, sai ta yi tari sau biyu ta tafi. Na san tarin nan, shi take yi in abinci ya sauka ina ta surutu a zaure.

Don haka ranar Lahadi zan ɗaure takalmanta a ka da igiyata mafi kyau, in yi bisimilla in shiga, ko kun zo ko ba ku zo ba, ko an buɗe ƙofa ko an rufe. In na fita, ku nemi wani ya riƙa karanta wa jama'a allonku, ni na ajiye aiki, na koma bin awon gida. In kuwa ban fita ba, ina roƙon alfarma ɗaya: kada a kai takarda Ikko. A ba Malam Sharhabilu alli ya rubuta a allon tasha ranar da abin ya faru, da manyan baƙaƙe, cewa yau ruwa ya kai Isyaku guda da 'yan kai. Wannan awon kowa a Wudil ya san tsawonsa, kuma shi ne zai zama karo na farko da allonku ya hana wani shiga ruwa.

Ina roƙon gafara in na yi tsawon baki, gajeren mutum ta nan kawai yake samun tsawo. Allah ya ƙara girma, ya tsare takalmanka daga laka.

Naka mai biyayya, daga idon sawu har iyakar wuya,

Isyaku Mai'igiya,
Bakin Kara, Wudil,
mijin Safara'u, in Allah ya kai mu Lahadi.